Balas Ba Ya Jiran Lafiya: Ɗan Acaɓa Tsakanin Bashin Babur da Takardar Inshora

Wani maƙwabcina, magidanci mai 'ya'ya uku, ya karɓi babur a hannun wani ɗan kasuwa bisa sharaɗin zai riƙa kai kuɗi duk mako har babur ɗin ya zama nasa. Wata bakwai cur bai taɓa fashi ba. A na takwas zazzaɓi ya kwantar da shi kwana tara, da ya miƙe kuma injin ya fara hayaƙi, bakanike ya ce sai an sauke shi. Mako uku ke nan babu balas. Sai ya daina ɗaga waya, ya daina bi ta layin maigidan nasa, ya koma fita tun duku-duku, dawowa sai bayan isha'i. Ran da ya same ni da maganar, cewa ya yi: "Malam, wallahi ban yi niyyar cin kuɗin Alhaji ba, amma in na je me zan ce masa?" Na tambaye shi takardar yarjejeniyarsu, ya ce da baki aka yi, gaban shaidu biyu. Na ce to inshora fa? Ya ɗaga kujerar babur ya zaro wata takarda a leda. Ya san nawa ya biya aka ba shi ita, ya san jami'an hanya na tambayarta, amma abin da take ɗauke masa ranar da tsautsayi ya faɗa, wannan bai taɓa tambaya ba.

Irin wannan labari ya yi yawa a Zariya da Funtuwa da Sakkwato da ƙauyukan da ke kewaye da su, ko ana kiran sana'ar acaɓa ko kabu-kabu. Masu adaidaita sahu a Kano su ma a cikin wannan rami suke, sai dai nasu ya fi zurfi saboda kuɗin ya fi yawa. Abin da nake son nunawa shi ne cewa matsalar ba ta tsaya ga tsadar babur kaɗai ba. Yadda ake ƙulla cinikin ne ya tattara duk wata asara da ka iya faruwa ya ɗora ta a kan mutum ɗaya, wanda kuma shi ne ya fi kowa rashin ƙarfin ɗauka. Inshorar da ya kamata ta rage masa wannan nauyi, yawancinmu mun mayar da ita takardar wuce shinge.

A fara da lissafi, domin a nan ake yi wa mutane shigo-shigo ba zurfi. Lambobin da zan kawo misali ne kawai don a gane yadda abin ke tafiya. A ce babur kuɗinsa naira 1,200,000 in za a biya lakadan. Mai kaya ya ce zai bayar a kan 1,800,000, a riƙa kawo 30,000 duk mako har mako 60. Mai karɓa ya buga a ransa: dubu biyar a rana, kwana shida, ranar bakwai tawa ce. Ƙarin kuma 600,000 ne, rabin kuɗin ke nan, ba laifi. Abin da bai lura da shi ba shi ne ba ya riƙe da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyun nan har ƙarshen wa'adi. Tun makon farko ya fara mayarwa, kafin a je tsakiya ya mayar da kaso mai tsoka, amma ƙarin da aka ɗora masa an lissafa shi ne a kan dukkan kuɗin daga farko har ƙarshe. In aka auna shi da ma'aunin da bankuna ke auna tsadar rance, wannan ciniki ya haura kashi 70 cikin ɗari a shekara. Don a kwatanta, a lokacin da Babban Bankin Najeriya ya kai ma'auninsa na ruwan rance kashi 27.5 a watan Nuwamban 2024, 'yan kasuwa kuka suke yi cewa rance ya gagara.

Ba na cewa duk mai bayar da babur azzalumi ne, kuma duk wanda ya san kasuwa ba zai faɗi haka ba. A watan Disamban 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8. Mutumin da ya sayi babur yau ya bayar, kuɗin da zai gama tattarawa bayan shekara da 'yan watanni ba lallai su saya masa sabo irinsa ba. Ga waɗanda ke gudu da kaya, ga waɗanda ke dawo da babur ya zama kwarangwal. Duk wannan yana cikin farashin da yake yankawa. Wato mai biya da gaskiya yana biyan nasa, yana kuma biyan na wanda ya ci amana.

Tushen tsadar ma ba a hannun Alhajin unguwa yake ba. Baburan da ake wannan sana'a da su, Bajaj Boxer da TVS daga Indiya suke, Jincheng da Haojue daga Sin, ko da a nan aka harhaɗa su da dala aka sayo kayan. Da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke bayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 a farkon 2024. Babur ɗin da ake saye da 'yan dubban ɗaruruwa ya tsallake miliyan. Taya da sarƙa da fulogi da baƙin mai duk suka bi sahu. Kafin wannan, ranar 29 ga Mayun 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati ta koma kusan 500 cikin kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a watan Oktoban 2024. Shi kuwa fasinja, mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, kuma mafi yawan masu hawa acaɓa ba su da albashin ma. In kuɗin mai ya ninka wa ɗan acaɓa sau biyar, ba zai iya ninka kuɗin ɗauka sau biyar ba, domin mutane za su taka da ƙafa. Sun kuwa taka.

To ga inda gizo ke saƙar. Balas adadi ne tsayayye, samu kuwa ba shi da tsayayyen adadi. Ranar da aka wuni ana ruwa, balas na nan. Ranar da aka kama babur aka kai ofis, ranar da matarka ke naƙuda, ranar jana'izar mahaifinka, duk yana nan yana ƙirga. Sannan akwai abin da ya fi ƙarfin kowa, wato gwamnati ta wayi gari ta hana sana'ar baki ɗaya. An yi haka a tsakiyar Abuja a 2006, a Maiduguri a 2011, a Kano a watan Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, a sassan Legas a watan Fabrairun 2020, inda dubban 'yan Arewa ke cin abinci da ita. A Nijar ma an hana zirga-zirgar babura a jihar Diffa a 2015, daga baya a sassan Tillaberi. Kowace doka da dalilinta, galibi na tsaro, kuma ba a kansu nake jayayya ba. Tambayata ita ce: wanda ya rage masa mako ashirin ya gama biya ranar da aka yi sanarwar, wa ya ɗauke masa? Ban taɓa ganin yarjejeniyar unguwa da ta tanadi amsar wannan ba.

Mu dawo kan yarjejeniyar kanta, don ita ce zuciyar magana. Abu uku ne mabambanta muke kira da suna ɗaya. Akwai haya zalla: babur na maigida ne har abada, yaro yana kawo balas, ran da suka saɓa ya ajiye makulli. Akwai sayarwa bashi: babur ya zama na mai saye tun ranar farko, kuɗi ne kawai ake bin sa. Akwai kuma hayar da ke ƙarewa da mallaka: babur na maigida ne har sai an biya kashi na ƙarshe. Kowanne da hukuncinsa, a shari'a da kuma a dokar ƙasa, kuma ƙa'idar da ta ratsa su ɗaya ce: mai abu shi ke da asararsa. In na sayar maka bashi, babur naka ne, in an sace naka aka sace, amma ba ni da ikon in zo in ɗauke shi ina cewa nawa ne. In kuwa haya na ba ka, babur nawa ne, ina iya karɓar abina, amma in aka ƙwace shi da bindiga ba tare da sakacinka ba, ni na yi asara.

Abin da ake yi a unguwanninmu shi ne a ɗebo daɗin kowanne a bai wa mai kuɗi. Ranar da aka yi jinkirin biya, sai a ce ai haya ce, a ɗauke babur, duk abin da aka biya a baya ya zama kuɗin haya. Ranar da aka sace babur kuwa, sai a ce ai saya ka yi, cika sauran kuɗin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ne ainihin rashin adalcin, kuma ya fi tsadar farashin ciwo.

Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna wannan. Jumhurinsu sun halatta a sayar da kaya bashi da farashin da ya ɗara na lakadan, muddin an yanke farashi ɗaya tun a wurin ciniki. Abin da suka hana shi ne ƙara kuɗi saboda jinkiri, wato a ce ka makara mako biyu, bashinka ya ƙaru da kaza. Wannan riba ce tsagwaronta, wato kuɗin ruwa da shari'a ta haramta. Game da hayar da ke ƙarewa da mallaka, majalisar fiƙihu ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta yi zama a Riyad a shekarar 2000, ta kuma bayyana cewa lamunin kayan yana wuyan mai shi, sai fa in ɗan haya ne ya yi ta'addi ko sakaci, kuma in za a yi wa kayan inshora, ta zama ta taimakekeniya, mai kayan ne kuma zai ɗauki nauyinta. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ta 280 kuma ta ce in wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi. Muna jin su a tafsiri duk azumi, amma cinikin miliyan biyu sai mu ƙulla shi da "ai mun yarda da juna".

Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba, ko da yake kaɗan ne cikin masu sana'ar suka san da ita. Tun 1965 Najeriya ke da dokar da ta tsara irin wannan haya mai ƙarewa da mallaka, kuma ta shafi ababen hawa. Ta wajabta a faɗa wa mai karɓa farashin lakadan kafin a ƙulla, a kuma rubuta yarjejeniyar a sa hannu, har ma rashin rubutun kan iya hana mai kaya tilasta yarjejeniyar a kotu. Ta ce in mai biya ya kai kashi uku cikin biyar na jimillar kuɗin, mai kaya ba shi da ikon ƙwace abin hawan ya yi gaba da shi, sai ta hanyar kotu. A misalinmu na ɗazu, naira 1,080,000 ke nan, wato mako 36. Akwai togaciya da ya kamata a sani: in kashi uku ko fiye na biyan suka taru ba a biya ba, mai kaya na iya ɗauke abin hawan ya killace shi don kada ya lalace kafin kotu ta yanke hukunci. Killacewa ce, ba sayarwa ba. Dokar ta kuma bai wa mai biya damar ya janye da kansa, ya rubuta sanarwa, ya mayar da kaya, ya cika abin da ya biya ya kai rabin jimilla in bai kai ba, ya biya bashin makonnin da suka wuce. Haka nan dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Bashi ba laifin da ake tsare mutum a kansa ba ne, duk da cewa kowa ya san ana kai ƙarar bashi caji ofis kullum.

Sai dai a yi hattara. Wanda ya sayar da babur ɗin da bai gama biya ba, ko ya tsallaka da shi wata jiha ya kashe waya, ya fita daga babin bashi ya shiga babin cin amana, wannan kuwa laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa. Kafin a kai ga nan ma, wanda ya tsaya masa, galibi yayansa ko kawunsa ko limamin unguwa, shi za a fara ja wa kunya.

Yanzu inshora. Doka ta wajabta wa duk abin hawan da ke kan titi inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna. Tun 1945 aka yi dokar farko. Bisa farashin da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2023, babur naira 3,000 ne a shekara, keke mai ƙafa uku 5,000, motar gida 15,000. Ta babur tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan ɗaya, ta keke miliyan biyu, tana kuma biyan diyyar rauni ko rasa ran wani. Daga 1 ga Fabrairun 2025 rundunar 'yan sanda ta sanar da fara tsananta binciken ta a kan hanya.

Naira dubu uku ba ita ce ke karya ɗan acaɓa ba, bai kai balas ɗin wuni guda ba. Matsala biyu ce. Ta farko, da yawa daga takardun da ke ƙarƙashin kujerun babura na bogi ne. 'Yan kamasho da ke shawagi a bakin ofisoshin lasisi kan haɗa wa mutum ita cikin sauran takardu, babu wani kamfani a bayanta. Ana iya tantancewa a rumbun bayanan kamfanonin inshora da ake kira NIID, ta intanet ko ta latsa *565*11# a waya a sa lambar abin hawa. In sunanka bai fito ba, takarda kawai ka saya. Ta biyu, ko da ta gaskiya ce, ba ta san da babur ɗinka ba, ba ta san da ƙafarka ba. In ka goge wa wani mota za ta biya shi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin fitilar wata motar kaɗai ta fi balas ɗin wata guda. Na sha ganin ɗan acaɓa durƙushe a titi yana "yallaɓai ka yi mini rai", alhali da takardarsa ta gaskiya ce da kamfani ne zai ji da maganar. Amma in ɓarayi suka tare ka a hanyar ƙauye suka tafi da babur, ko ka faɗi ka karye ka yi wata uku a wurin mai ɗori, wannan takarda ba ta da abin da za ta ba ka.

Wadda ke biyan sata da gobara da lalacewar babur ɗin kansa ita ce cikakkiyar inshora, kuma NAICOM ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar abin hawa. A kan babur na 1,200,000, aƙalla naira 60,000 ke nan a shekara, balas ɗin mako biyu, kuma ƙa'idar kamfanonin ita ce sai an biya kafin kariya ta fara aiki. Mutumin da ke haɗa dubu biyar da ƙyar kafin magariba, ina zai ga dubu sittin a dunƙule? Ba kowane kamfani ke marmarin karɓar babur na haya ba ma, saboda yawan haɗari da sata. Wanda ya samu kuma ya karanta sharuɗɗa da kyau: in aka rubuta babur na hawan kai ne alhali acaɓa ake yi da shi, ranar neman diyya za a ce an saɓa. Za a nemi rahoton 'yan sanda da lasisin tuƙi, akwai kuma wani kaso na asarar da mai babur ke ɗauka da kansa kafin kamfani ya sa hannu. A wasu manyan kamfanonin da ke bayar da babura bashi, an riga an cusa kuɗin inshorar cikin abin da ake biya duk mako. Wannan ba laifi ba ne, amma a tambaya: in an sace, wa za a bai wa diyyar, kuma makonnin da na riga na biya ina za su?

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba, wato mutane da yawa a Arewa suna ƙyamar inshora saboda addini, kuma ba da ka suke yi ba. Majalisar fiƙihun da na ambata ta yanke tun 1985 cewa inshorar kasuwanci da aka saba da ita tana da garari, wato rashin tabbas, mai ɓata ciniki, ta kuma nuna madadinta, wato ta taimakekeniya. Ita ce takaful: mahalarta su zuba kuɗi a asusu ɗaya da niyyar gudummawa, wanda tsautsayi ya faɗa wa a biya shi daga ciki, in an samu rara a raba. A Sudan aka kafa kamfanin farko na irin wannan a 1979. A Najeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da Salam Takaful. Saboda haka uzurin addini ya ragu ƙwarai. Abin da ya rage shi ne nisa: ofisoshin suna manyan birane, ɗan acaɓa yana bakin tasha.

A ganina mafita mafi kusa tana hannun ƙungiyoyin masu sana'ar, irin su ACOMORAN, ƙungiyar 'yan acaɓa ta ƙasa, da ƙananan rassan da ke kowace mahaɗa. Kullum ana yankar tikiti. Naira 60,000 ɗin nan da ta gagara a dunƙule, in aka raba ta a kwanakin shekara ba ta kai naira 170 a rana ba. Ƙungiya mai mutum ɗari biyar in ta tunkari kamfanin takaful da murya ɗaya, za a saurare ta yadda ba za a saurari mutum ɗaya ba. Mun ga ƙarfin haɗin kan nan a Kano, lokacin da masu adaidaita sahu suka ajiye aiki a 2021 da 2022 saboda kuɗaɗen da KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar, ta ɗora musu, gari ya tsaya cak, ɗalibai da 'yan kasuwa suka koma tafiyar ƙafa. Ƙarfin da ya iya tsayar da Kano zai iya samar da asusun da zai riƙe wa mamba balas na mako huɗu in ya karye. Mun iya adashi, mun iya karo-karo ranar biki da ranar mutuwa. Abin da ya hana shi ne amana: mambobi da yawa ba su san inda kuɗin tikitinsu ke tafiya ba, kuma ba za su ƙara ko sisi ba sai sun ga littafi a buɗe.

Wanda ruwa ya riga ya kai masa wuya fa, me zai yi yau? Abu na farko shi ne wanda maƙwabcina ya kasa: ya je. Ɓuya ita ce ke mayar da mai jinkiri ɓarawo a idon mai kaya. A tafi da wanda ya tsaya maka, ko wani dattijo da maigidan ke jin nauyinsa, a tafi da lissafi a rubuce, ga abin da na biya, ga abin da ya rage, ga abin da zan iya kawowa duk mako ba tare da na yi ƙarya ba. A nemi a tsawaita wa'adi a rage na mako, ba tare da an ƙara jimilla ba. Yawancin masu kaya sun san babur ɗin da aka yi wata bakwai ana acaɓa da shi ba zai yi kuɗin sabo ba, kuma neman wani yaron amintacce aiki ne. Sun fi son kuɗinsu a hankali da su karɓi tsohon babur. Duk abin da aka amince a kai kuma a rubuta shi a wannan zaman, ko a takardar littafin makaranta ce, kowa ya sa hannu, shaidu su sa.

In lissafi ya nuna ko an rage ba za a iya ba, to gara a fita da wuri a kuma fita da wani abu a hannu. Mayar da babur haka kawai yana nufin duk abin da aka zuba ya tafi. Abin da ya fi shi ne a nemi izinin mai kaya a sayar, a biya shi ragowarsa, abin da ya yi saura ya zama naka, ko a samo wani ya karɓi ragowar makonnin ya ba ka wani abu a kan waɗanda ka biya. Wasu kan raba babur da ɗan'uwa, ɗaya safe ɗaya yamma, balas ya fito daga aljihu biyu. Yana taimakawa, amma injin ne ke biya, kuma sai maigida ya sani.

Abin da nake roƙon kowa ya guje masa shi ne cin sabon bashi don biyan tsoho, musamman daga manhajojin waya masu bayar da rance cikin minti biyar. Wa'adinsu gajere ne, ruwansu ya fi na babur ɗin muni, kuma wasunsu sun yi ƙaurin suna wajen aika wa duk lambobin da ke wayar mutum saƙon cin mutunci, har sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa ta kai samame ofisoshin wasu a Legas a 2022. An gudu ba a tsira ba ke nan. Haka nan rage kuɗin juyen baƙin mai ko hawa da sudaddiyar taya don a cika balas, bashi ne da ake ci daga injin da kuma ƙashin jiki, kuma su ba sa karɓar haƙuri. In rikici ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, akwai mai unguwa, akwai Hisba a jihohin da take, akwai hukumar ba da tallafin lauya kyauta ga marasa ƙarfi, kafin a kai ga kotu.

Su ma masu bayar da babura ina da magana da su, domin da yawansu mutanen kirki ne da suka fitar da samari daga zaman banza. Alhaji, in babur ɗin naka ne har ranar biyan ƙarshe, to kai ya kamata ka yi masa takaful, ka sa kuɗin cikin lissafi a fili kowa ya gani. Ka ware wa yaronka makonni biyu ko uku a cikin wa'adin waɗanda in ciwo ko gyara ya taso zai ɗaga su zuwa ƙarshe ba tare da ya zo yana rantse-rantse ba. Na'urar bin sawun da kake saka wa babur tana gaya maka inda yake, amma ba ta gaya maka cewa mai tuƙa shi ya kwana a asibiti da ɗansa ba.

Maƙwabcin nawa dai mun je, ni da shi da yayansa da ya tsaya masa. Alhajin ya yi faɗa sosai, kuma faɗan nasa a kan kashe waya ya fi yawa, ba a kan kuɗin ba. Daga ƙarshe ya yarda a mayar da makonni ukun can ƙarshen wa'adi, ya rage na mako har a gama biyan bakanike, aka rubuta aka sa hannu. Da na kawo maganar wa zai ɗauki asara in aka sace babur ɗin kafin a gama biya, ya yi shiru, sannan ya ce Allah zai tsare. Muka ce amin. A kan hanyar dawowa muka latsa lambar babur ɗin a waya don duba takardar da ke cikin leda, ba ta fito ba.